DALILAN TSAGEWAR ƘARFEN KAYAN NOMA BAYAN TAURARAWA DA HANYOYIN KAUCE MUSU

1. GABATARWA

Kayan aikin gona irin su fartanya, garma, gatari, adda, lauje da bakin garmar shanu duk da ƙarfe ake yin su, kuma akasarinsu maƙeran gida ne ke ƙera su daga tsofaffin ƙarafan mota, musamman sifirin. Sau da yawa manomi kan sayi sabon ruwan garma, ya yi kwana biyu ko uku yana aiki da shi, sai ya tsage ko ya ɓalle gida biyu ana tsakiyar huɗa. Asarar ba ta tsaya ga kuɗin garmar ba. Idan ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙa, kwanakin da za a ɓata wajen jiran kasuwa ta ci ko maƙeri ya gyara suna iya jawo makarar shuka, makara kuwa tana rage amfanin gona.

Yawanci akan ɗora laifin a kan dutse ko kututture ko taurin ƙasa. Amma ilimin ƙarafa ya nuna cewa da yawa daga cikin irin wannan tsagewa tun a maƙera take farawa, a lokacin da aka gasa ƙarfen aka tsoma shi a ruwa don ya yi tauri. Dutsen gona ƙarasa ta kawai yake yi. Manufar wannan ƙasida ita ce bayyana wa malaman gona da manoma abin da ke faruwa a cikin ƙarfe idan ya sha wuta, da dalilin da ya sa yake tsagewa, da kuma matakan da za a bi tare da maƙera don rage wannan asara.

2. YADDA CIKIN ƘARFE YAKE

A ido ƙarfe dunƙule ɗaya ne, amma idan aka goge shi aka duba da madubin ƙara girma za a ga ƙananan tsaba ne birjik manne da juna, kamar gero da aka danƙare a mudu. A cikin kowace tsaba ƙwayoyin zarra suna jere sahu-sahu bisa tsari guda da ke maimaita kansa. Inda tsaba ta haɗu da 'yar'uwarta shi ake kira iyakar tsaba.

Domin a gane wannan jeri, a ɗauki dunƙulen Maggi a matsayin misali, mai kusurwa takwas da fuska shida. Ƙarfe yana da jeri iri biyu:

(a) Ferait: ƙwayar zarra ɗaya a kowace kusurwa, da ɗaya a tsakiyar dunƙulen. Wannan shi ne jerin ƙarfe idan yana da sanyi. Gurabun da ke tsakanin ƙwayoyinsa matsattsu ne, don haka sinadarin kabon da yake iya riƙewa bai wuce kashi 0.02 cikin 100 ba.

(b) Ostenait: ƙwayar zarra ɗaya a kowace kusurwa, da ɗaya a tsakiyar kowace fuska. Ƙarfe yana komawa wannan jeri idan ya yi zafi sosai. Gurabunsa sun fi faɗi, yana iya riƙe kabon har kimanin kashi 2 cikin 100.

Tsantsar ƙarfe yana juyawa daga ferait zuwa ostenait a digiri 912 na ma'aunin Salshiyos. Idan akwai kabon a ciki, juyawar tana farawa tun daga digiri 727. Kabon shi ne sinadarin da ke cikin gawayi, kuma shi ne tushen taurin ƙarfe. Rodin gini na yau da kullum kabon ɗinsa kaɗan ne, shi ya sa ba ya riƙe kaifi. Yawancin sifirin ɗin mota kuwa yana da kabon kimanin kashi 0.6 cikin 100, tare da manganis da kuromiyam ko silikon. Irin wannan shi ake kira gaurayen ƙarfe.

3. ABIN DA KE FARUWA IDAN ƘARFE YA HUCE

Abin da ƙarfe zai zama bayan ya fita daga wuta ya danganta ne da saurin hucewarsa.

Idan aka bar shi ya huce a hankali cikin toka ko iska, kabon yana samun lokacin fita daga gurabunsa ya haɗu da ƙarfe, su yi wani abu mai tauri da ake kira simentait. Wannan yakan kwanta falle-falle tsakanin ferait. Ƙarfen da ya huce haka yana da sauƙin sarrafawa, yana lanƙwasa kafin ya karye, amma taurinsa matsakaici ne.

Idan kuwa aka tsoma shi a ruwa ko mai yana ja zur, jerin yana ƙoƙarin komawa ferait alhali kabon bai samu damar fita ba. Sai kabon ɗin ya maƙale a gurbin da bai ishe shi ba, ya tura ƙwayoyin zarra, dunƙulen ya miƙe ta gefe ɗaya. Wannan jeri da ya matsu shi ake kira matensait, an sa masa sunan wani masanin ƙarafa Bajamushe, Adolf Martens, wanda ya rasu a 1914. Matensait shi ne abin da maƙeri ke nema idan yana taurara ƙarfe, kuma shi ne asalin matsalar, saboda dalilai biyu.

Na farko, ƙarfe yana lanƙwasa ne saboda sahun ƙwayoyin zarra suna iya zamewa a kan juna. A cikin matensait kabon ɗin da ya maƙale yana hana wannan zamewa. Daga nan tauri yake zuwa, daga nan kuma gautsi yake zuwa, domin abin da ba ya iya lanƙwasa idan aka matsa masa tsagewa zai yi, kamar tangaran.

Na biyu, matensait ya fi ostenait cin wuri da kimanin kashi 4 cikin 100. Wato ƙarfe kumbura yake yi a lokacin da yake taurara. Bayan ƙarfen ne ke fara hucewa, ya taurare ya zama kamar ɓawo. Cikin yana biyo baya, kuma idan ya zo juyawa shi ma sai ya kumbura, ya tura ɓawon da ya riga ya sandare. Idan turin ya fi ƙarfin ɓawon sai ya tsage. A ƙarfen sifirin wannan juyawa tana faruwa ne ƙasa da digiri 300, bayan jan ya ɓace, lokacin da ƙarfen ba shi da sauran taushi. Shi ya sa maƙeri kan ji ƙara ƙas a cikin ruwa. Wani lokaci kuma tsagar ba ta bayyana sai bayan awoyi, har a wayi gari a tarar da ruwan garma ya tsage shi kaɗai a inda aka ajiye shi.

4. ABUBUWAN DA KE ƘARA HAƊARIN TSAGEWA

4.1 Wuce ƙa'ida wajen gasawa

Idan ƙarfe ya yi zafi fiye da kima ko ya daɗe cikin wuta, tsabar ostenait suna cinye juna su yi manya. Matensait ɗin da zai fito daga manyan tsaba shi ma manya ne, kuma tsaga tana samun miƙaƙƙiyar hanya. A ƙarfe mai ƙananan tsaba dole tsagar ta riƙa sauya hanya a kowace iyaka, wannan yana rage mata ƙarfi. Bugu da ƙari, dattin da ke cikin ƙarfe, musamman sinadarin fosfaras, yana taruwa a iyakokin tsaba ya raunana su. Idan ƙarfe ya kai ga fitar da tartsatsi a cikin wuta, to ya ƙone, iyakokin tsabarsa sun lalace, kuma babu gyara sai a yanke wurin a yar.

4.2 Tsoma gaurayen ƙarfe a ruwa

Amfanin kuromiyam da manganis shi ne jinkirta fitar kabon, ta yadda ƙarfe zai taurara har cikinsa ko da bai huce da gaggawa ba. Saboda haka ƙarfen sifirin mai kawai yake bukata. Ruwa yana ɗauke zafi da sauri fiye da mai, ruwan gishiri kuma ya fi ruwa. Tsoma sifirin a ruwan sanyi yana ƙara tazarar zafi tsakanin bayan ƙarfe da cikinsa, taurin da za a ƙaru da shi kuwa kaɗan ne. Wannan na daga cikin manyan dalilan tsagewa a maƙerun ƙauye.

4.3 Yawan kabon

Ƙarfen da kabon ɗinsa bai kai kashi 0.6 ba yana yin matensait mai siraran tsinke-tsinke da ke kwance gefe da gefe. Wanda ya kai kashi 1 ko fiye, kamar tsohon magagari ko boris, yana yin matensait mai fale-fale da ke karo da juna, kuma a wurin karon akan sami ƙananan tsaga da ido ba ya gani. Irin wannan ƙarfe ya dace da wuƙa, amma bai dace da gatari ko garma da ke shan duka ba.

4.4 Kusurwa mai kaifi da bambancin kauri

Duk matsin da ke cikin ƙarfe yana taruwa ne a kusurwa mai kaifi, bakin huda, zurfin sawun guduma, da inda kauri ya haɗu da siranta kwatsam. Wannan darasi ne da manyan masana'antu ma suka koya da tsada. Tsakanin 1941 da 1945 Amurka ta ƙera jiragen ruwa na dakon kaya sama da 2,700 da ake kira Liberty, wasunsu suka riƙa tsagewa a tekun sanyi. Binciken Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ya nuna cewa ƙarfen jiragen yana yin gautsi idan ya yi sanyi, an kuma lura cewa tsaga da yawa daga kusurwoyin ƙofofin zuba kaya suka faro. Daga baya aka mai da kusurwoyin masu zagaye. Haka abin yake ga wuyan fartanya da hudar ƙusa a bakin garmar shanu.

4.5 Rashin sassautawa

Ƙarfen da ya fito daga mai yana cike da matsi. Idan ba a sake ɗumama shi ba, ko aka bari ya kwana, haɗarin tsagewa yana ƙaruwa. An yi bayanin wannan a sashe na gaba.

4.6 Tsohuwar tsaga

Sifirin ɗin da ya yi shekaru yana lanƙwasa a ƙarƙashin mota yana iya zuwa da tsagarsa, musamman kusa da hudar tsakiya da wuraren da tsatsa ta ci. Wuta da guduma ba sa haɗe irin wannan tsaga, ɓoye ta kawai suke yi.

5. SASSAUTAWA DA MUHIMMANCINTA

Sassautawa ita ce sake ɗumama ƙarfe da ɗan zafi bayan an taurara shi. Zafin yana ba wani ɓangare na kabon damar fita daga inda ya maƙale ya zama ƙananan ɗigo, jerin ya saki jiki, matsi ya ragu. Ana rasa ɗan tauri, a sami juriyar duka. Idan aka goge ƙarfe ya yi haske kafin a ɗumama shi, launin da ke fitowa a jikinsa yana nuna zafinsa:

Launin busasshiyar ciyawa: kimanin digiri 220 zuwa 230
Ruwan ƙasa: kimanin digiri 250
Ruwan makuba: kimanin digiri 280
Shuɗi: kimanin digiri 300

Abin lura: a yawancin gaurayen ƙarafa juriyar duka tana raguwa idan aka sassauta su tsakanin digiri 260 da 370, saboda a wannan zafi simentait yana fitowa siriri a iyakokin tsaba ya zama hanyar tsaga. Don haka ga bakin da ke yanka, kamar na lauje, adda da fartanya, a tsaya a launin busasshiyar ciyawa. Hanya mafi sauƙi ta samun juriya ita ce a taurara bakin kawai, a bar wuya da gadon bayan kayan da taushinsu. Sassan da ke lanƙwasa gaba ɗayansu, kamar haƙoran injin kaftu, suna bukatar zafin da ya haura digiri 400, wanda ba a iya gane shi da launi. Irin wannan aiki a kai shi wurin da ke da tanderu mai ma'aunin zafi.

6. MATAKAN DA YA KAMATA MAƘERI YA BI

(1) A wanke tsohon ƙarfe a duba shi da kyau. A yanke kewayen hudar tsakiya da duk inda tsatsa ta yi rami.

(2) A gwada ɗan guntu tukuna: a gasa, a tsoma a mai, a goga magagari. Idan magagari ya zame bai kama ba, mai ya wadatar. Ba a komawa ga ruwa sai idan mai ya kasa taurara guntun.

(3) Da zafi-zafi akan daki ƙarfe. A daina duka da zarar jan ya fara dushewa, a mai da shi wuta.

(4) A yi duk huda a gama, a zagaye kusurwoyi, a goge zurfafan sawun guduma kafin taurarawa. Kada a wasa baki ya yi kaifi sosai sai bayan an sassauta.

(5) Bayan an gama ƙira a gasa ƙarfen ya yi ja daidai, a bar shi ya huce a iska. A yi haka sau biyu ko uku. Kowane zagaye yana haifar da sababbin tsaba ƙanana a madadin manyan da zafin ƙira ya kawo.

(6) A yi gashin taurarawa a inuwa. A cikin rana jan ƙarfe ba ya fitowa sosai, sai maƙeri ya zaci bai yi zafi ba alhali ya wuce. A yi amfani da maganaɗisu: ƙarfe yana daina kama shi a wajen digiri 770. Daga nan a ƙara wuta kaɗan, domin sifirin yana bukatar digiri 830 zuwa 850. Gishirin miya yana narkewa a digiri 801, shi ma alama ce mai amfani.

(7) A tsoma a mai mai ɗumi, baki a gaba, ana motsa shi sama da ƙasa. Man gyaɗa ko man waken soya yana yin aikin. Idan baƙin mai za a yi amfani da shi, a yi a fili saboda hayaƙinsa yana da illa, a kuma tabbata babu ruwa a ciki. Mazubin ya zama na ƙarfe mai murfi, don a rufe idan wuta ta kama.

(8) A sassauta nan take, da zarar ƙarfen ya huce har hannu na iya taɓa shi. Ana iya ɗora shi a kan wani ƙarfe mai zafi ko a cikin yashi mai zafi, a bar zafin ya shiga a hankali daga wuya zuwa baki. Yin haka sau biyu ya fi.

7. WALDA A KAN ƘARFE MAI TAURI

Idan faifan garmar tarakta ko bakin garmar shanu ya tsage, akan kai shi wurin mai walda. Ya kamata a sani cewa walda ma gashi ce da tsomawa: gefen ɗinkin yana yin zafi ya zama ostenait, sauran ƙarfen mai sanyi kuma ya zuƙe zafin da sauri, sai matensait ya fito. Idan sandar waldar ta sha danshi, ko akwai mai da tsatsa a wurin, iskar haidurojin tana shiga ƙarfen ta taru a iyakokin tsaba, sai sabuwar tsaga ta fito a gefen ɗinkin bayan kwana ɗaya ko biyu. Don kauce wa haka a goge wurin tas, a ɗumama ƙarfen zuwa digiri 200 ko 300 kafin walda, a yi amfani da busasshiyar sanda, sannan a binne shi a toka ko busasshen yashi ya huce a hankali. Kada a zuba masa ruwa. Faifan da ke juyawa da gudu, kamar na injin yankan ciyawa, idan ya tsage a sauya shi, domin ɓallewarsa tana iya yin kisa.

8. YADDA MANOMI ZAI GANE KAYA MAI KYAU

(a) Gwajin ƙara: a rataye ruwan garma ko fartanya a buga shi da ɗan ƙarfe. Lafiyayye yana amo mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take.

(b) Gwajin magagari: magagari ya ɗan kama baki da ƙyar, ya kama wuya da sauƙi. Idan yana zamewa ko'ina har wuya, kayan yana da gautsi. Idan yana ci ko'ina cikin sauƙi, ba a taurara shi ba.

(c) Gwajin kananzir da alli: a shafa kananzir, a jira mintoci kaɗan, a goge, a shafa garin alli. Kananzir ɗin da ya shiga tsaga zai fito ya zana layi a kan allin.

(d) Karanta wurin karaya: idan kaya ya karye kada a yar da shi. Fuska mai laushi ruwan toka tana nuna ƙananan tsaba. Mai ƙyalli kamar sukari tana nuna an wuce ƙa'ida wajen gasawa. Idan wani gefe ya yi baƙi ko tsatsa, sauran kuma sabo ne, to tsagar ta daɗe kafin ranar da ya karye. Layuka masu zagaye kamar na bayan katantanwa alama ce ta tsagar da ta riƙa ci a hankali cikin aiki.

9. SHAWARWARI GA MALAMAN GONA

Ya kamata malamin gona ya san maƙeran da ke yankinsa, ya riƙa gayyatarsu tarukan manoma, musamman da rani kafin a fara sharar gona. Akwai gwaji mai sauƙi da za a iya yi a gaban jama'a. A yanko guntaye uku daga sifirin ɗaya. Na farko a gasa shi har ya yi ruwan ɗorawa a tsoma a ruwa. Na biyu a gasa daidai a tsoma a mai. Na uku a yi masa kamar na biyu sannan a sassauta shi. A lulluɓe kowanne da tsumma, a kare idanu, a buga da guduma, a nuna wa mahalarta wurin karayar. Abin da ido ya gani ya fi saurin zama a zuciya fiye da dogon bayani. A tuna cewa maƙeri ya gaji sana'arsa kuma ya san wuta, don haka a tafi masa da ladabi da shawara. A kuma ƙarfafa wa manoma gwiwa su riƙa mai da karyayyen kaya ga wanda ya ƙera shi don a duba tare, su sayi kayansu da wuri don a sami lokacin gwadawa.

10. KAMMALAWA

Taurin ƙarfe da gautsinsa tushensu ɗaya, wato kabon da ya maƙale a cikin jerin ƙwayoyin zarra. Aikin maƙeri shi ne ya sami taurin da ake bukata a baki ba tare da ya bar matsi da manyan tsaba a jikin kayan ba. Abubuwa huɗu ke tabbatar da haka: zafi daidai, mai a maimakon ruwa, kusurwa mai zagaye, da sassautawa ba tare da jinkiri ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ke bukatar kuɗi mai yawa. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane, ƙarkon garma a damina tun ranar ƙira ake samar da shi.

Don ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona mafi kusa ko ofishin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na jiha.